SANIN NASABA: Yadda A Ke Binciken Asalin Gida A Ƙauyukan Fadama Na Ƙasar Daura

 Darasinmu na wannan mako a kan nasaba ne, watau sanin wanda ya haifi wane, da kuma yadda mutumin ƙaramin ƙauye zai bi ya tattara tarihin gidansu tun waɗanda su ka sani ba su ƙare ba.

Sha'awar wannan bincike ta yawaita a tsakanin samarinmu 'yan makaranta, abin kuwa a yaba ne. Sai dai yawancinsu ta ƙarshe su ke farawa. Yaro yana so a ce da shi kakanninsa daga Bagadaza su ka fito, ko Yaman, ko Misira, alhali kuwa in ka tambaye shi sunan mahaifiyar kakansa sai ya yi shiru. Abin da Shari'a ta ke bukata gare mu shi ne iyaye biyar ko shida na kusa, a san su a kan gaskiya, mazansu da matansu, har da waɗanda su ka shayar. Wanda ya san wannan ya riƙe abin da hukunci ya rataya a kansa, ko da bai san wanda ya zo daga gabas ba.

Allah Ya bayyana a aya ta 13 cikin Suratul Hujurati cewa an sanya mutane dangogi da ƙabilu ne domin su san juna, fifiko kuwa yana ga taƙawa. Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira umurnin Manzon Allah (S.A.W.) da mu koyi gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu. Sayyadina Abubakar shi ne ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa, kuma da Sayyadina Umar ya kafa diwani na rabon dukiyar baitulmali, bisa dangogi a ka jera sunaye, ya sa Aƙilu ɗan Abu Ɗalibi da Makhrama ɗan Naufal da Jubairu ɗan Muɗ'imu su ka rubuta. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya kafa hujja a farkon littafinsa Jamharatu Ansabil Arab cewa akwai wani sashe na wannan ilmi da ya ke wajibi ne a kan kowane Musulmi, domin da shi mutum ya ke sanin wadda ba ta halatta ya aura ba, da wanda zai gada, da wanda ciyar da shi ya hau kansa.

To, me ya sa mu ka keɓe ƙauyukan fadama da magana? Dalili shi ne a can ne rashin sanin nasaba ya fi yin ɓarna. Gonar tudu sau ɗaya a ke girbe ta a shekara, amma fadama tana ba da shinkafa ko rake da damina, da rani kuma ga albasa da tumatir da barkono. Tun da a ka gina madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam, ɗan fegin da dā a ke bar wa yara su yi wasan lambu ya zama abin da 'yan'uwa ke zuwa gaban alƙali a kansa. Kuma al'adar gandu ta sa a kan bar gona shekara talatin ko arba'in ba a raba ba, magada suna mutuwa suna barin nasu magadan. Irin wannan shi malaman fara'ili su ke kira munasakha, ba kuwa a iya warware ta sai an san wanda ya riga wani mutuwa.

Ga misali ɗaya, ku lura da shi da kyau. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya ɗaya. Ba shi da ɗa namiji ko jika ta wajen ɗa, iyayensa da kakanninsa sun riga shi, ba ɗan'uwa, ba 'yar'uwa, ba 'ya'yan 'yan'uwa maza, baffanninsa kuma duk sun rasu. Za a kasa abin da ya bari kashi 8. Matar ta ɗauki 1, 'yar ta ɗauki 4, sauran 3 na asaba ne, watau namiji mafi kusa ta wajen uba. Sai ga mutum uku sun zo, kowa ya ce shi ɗan baffan mamaci ne, kuma duk gari ya shaida haka. Amma a Shari'a ba ɗaya su ke ba. Wanda ubansa ya haɗa uwa da uba da mahaifin mamacin shi zai kwashe kashi ukun nan duka. Wanda ubansa uba kaɗai su ka haɗa, an shamakance shi. Wanda kuwa ubansa uwa kaɗai su ka haɗa, watau agola ne da ya tashi a gidan, ba ya cikin asaba ko kaɗan. Kun ga ke nan hukuncin fadama sukutum ya koma ga tambaya guda: a cikin matan kaka, wace ce ta haifi wa? Wannan kuwa ita ce tambayar da masu rubuta salsala su ka fi tsallakewa, domin sun saba jera maza zalla, wane ɗan wane ɗan wane.

Sha'anin shayarwa ya fi wannan haɗari, don shi aure ya ke ɓatawa. A mazhabar Imamu Malik, nono ko sau ɗaya ne, in dai ya isa cikin yaro a cikin shekaru biyun shayarwa, ya haramta abin da nasaba ta ke haramtawa, kuma haramcin ya kan shafi 'ya'yan mijin mai shayarwar har waɗanda kishiyarta ta haifa. A ƙauyukanmu, in mace ta rasu wurin haihuwa, sau da yawa kaka ce ta ke ɗaukar jaririn ta ba shi nono, ko kishiya, ko maƙwabciya. To, yaron da ya sha nonon kakarsa ya zama ɗan'uwan baffanninsa da gwaggwanninsa, ko kawunnansa da innoninsa, ta hanyar shayarwa. Saboda haka 'ya'yansu mata duka sun haramta gare shi, ga shi kuwa nan ne a ka fi neman yi masa auren zumunci. Imamul Bukhari ya kawo labarin Uƙbatu ɗan Harisu, wanda bayan ya yi aure wata mace ta zo ta ce ta shayar da shi da matarsa, Manzon Allah (S.A.W.) kuwa ya sa ya rabu da ita. Malikawa sun yi bayanin shaidun da alƙali zai raba aure da su, kamar mata biyu in maganar ta riga ta bazu kafin ɗaurin aure, amma mai hankali ba ya jira sai an haifi 'ya'ya huɗu sa'an nan ya bincika.

Don haka mai bincike ya fara da tsofaffin mata. Gwaggo da kaka da tsohuwar ungozoma sun fi dattawan zaure sanin ɗakin da a ka haifi kowa, da wadda ta yi wankan jego, da wanda a ka yaye a hannun wa. Ya je musu ɗaya bayan ɗaya, kada ya tara su, domin in an taru ƙarama ba ta gyara wa babba magana. Ya riƙe goronsa, ya nemi izini kafin ya ɗauki murya da wayarsa, kuma ya koma sau biyu ko uku, don abin da tsohuwa ta manta yau ya kan faɗo mata jibi tana tsinkar zogale. Bayan su sai liman, da mai unguwa, da wanzamin gidan, wanda ya gaji aske da kaciya na wannan zuriya daga ubansa, ya kuma san tsagar kowane gida. Shi maroƙi a saurare shi, amma a tuna sana'arsa yabo ce, kuma bai taɓa tsayar da salsalar mai kyauta a kan talaka ba.

Wahala ta farko da zai haɗu da ita ita ce ta suna. Alkunya ta hana uwa faɗin sunan ɗanta na fari, ta hana mace faɗin sunan mijinta da na surukanta, saboda haka sai ya nemi wata ta faɗa masa. Sa'an nan mutum ɗaya ya kan zo da suna uku: wanda a ka raɗa masa ran suna, da laƙabin da ya bi sunan, da wanda gida ya sa masa. Abubakar shi ne Garba, Umaru shi ne Sanda, Usmanu shi ne Shehu, A'ishatu ita ce Indo, Hauwa'u ita ce Kulu. Wanda bai lura ba sai ya mai da mutum ɗaya biyu, ya ƙara tsawon salsala da uban da babu shi. Amma laƙabin nan kansa shaida ne ga mai lura. Tanko ya gaya maka akwai mata a gabansa, to ina su ke, wa ya aure su? Kande ko Delu ta biyo bayan maza. Gambo ya biyo tagwaye. Audi an haife shi bayan rasuwar ubansa, wannan kuwa ya ba ka shekarar mutuwar uban, abin da masu rabon gado su ke nema ido rufe. Nomau da Marka sun gaya maka da damina a ka haife su.

A yi hattara kuma da kalmar wa da ƙane da baba, don a bakinmu ɗan baffa wa ne, baffa kuma baba ne. Kullum a sake tambaya: uwa ɗaya uba ɗaya? Haka nan riƙo. Yara da yawa an rubuta su a makaranta da sunan wanda ya riƙe su, musamman a 1976 lokacin da shirin ilmin firamare kyauta ya kwashi yara gaba ɗaya, waɗansu kuma sunan garinsu a ka liƙa musu. Riƙon maraya lada ne babba, amma aya ta 5 cikin Suratul Ahzabi ta yi umurni a kira kowa da sunan ubansa na gaskiya, kuma saboda wannan hukunci Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana jingina shi ga Annabi (S.A.W.). Takardar makaranta ba ta canza magaji.

Wahala ta biyu ita ce shekara. Tsofaffinmu ba su ƙidaya da lamba, da abin da ya faru su ke ƙidaya, don haka mai bincike ya tanadi ma'auninsa. Turawa sun ci Kano a 1903. A 1906 su ka mai da sarautar Daura ga tsohon gidan sarautar Haɓe, Malam Musa ya zo daga Zango. Sarki Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007. Da ya ke zamanin Abdurrahman ya kai shekara 55, cewa an haifi mutum a zamaninsa bai isa ba, sai an haɗa da wani abu. Akwai yunwar 1914 da a ke kira Kakalaba, da annobar mura ta 1918, da yunwar 1927 da a ke kira Mai Buhu, da ta 1942 da a ke kira 'Yar Gusau, ko da ya ke sunayen nan su kan bambanta daga gari zuwa gari, sai a tambayi yadda mutanen wurin su ke kiransu. Daga baya ga samun mulkin kai a 1960, da rasuwar Sardauna a 1966, da canjin kuɗi zuwa Naira a 1973, wanda ya zo tare da babban fari. Tambayar da ta fi amfani ita ce: lokacin da abu kaza ya faru, kin yi aure? Wa ki ke goyo?

In an yi sa'a a gidan akwai malami, a nemi a buɗe gafakarsa. Malamanmu na dā su kan rubuta ranar haihuwa da rasuwa a bangon Alƙur'ani ko a gefen kundi, da Larabci ko da ajami, wani lokaci da ramzi, watau haruffa a madadin lamba. Wanda zai warware ramzi ya sani lissafin Magariba mu ke bi, inda harafin shinun ya ke dubu. Mai da shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya kuwa ba wuya: a raba ta da 33, a ɗebe abin da ya fito daga cikinta, a ƙara 622. Misali 1324, in an raba ya ba da 40, an ɗebe saura 1284, an ƙara 622 ya zama 1906. Kuskuren ba ya wuce shekara guda. Abin baƙin ciki, a ƙauyen fadama takarda ba ta daɗewa. Laima da gara da rushewar soro da damina sun cinye abin da ba a san adadinsa ba, saboda haka duk wadda a ka samu a ɗauki hotonta nan take kafin a mai da ita.

Takardun hukuma suna taimakawa, amma kada a sa musu rai da yawa. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙasa baki ɗaya a 1992 a ka yi ta, har yanzu kuwa ba kowane ƙauye ta game ba. Abin da ya fi tsufa shi ne takardun haraji na zamanin En'e, inda malaman haraji su ke rubuta masu gida unguwa unguwa, har zuwa 1979 da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura ta ke ciki kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Sai dai maza baligai kaɗai a ke rubutawa, kuma kowa ya san an sha ɓoye samari a rumbu ranar ƙidaya. Littattafan kotun alƙali sun fi su daraja nesa, domin in an taɓa raba gadon gidan a gaban alƙali, za a sami sunan matan da 'ya'ya mata. Wanda ya sami ikon zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ya tuna cewa kafin a kafa Lardin Katsina a 1934 Daura tana cikin Lardin Kano ne, don haka tsofaffin rahotannin gundumominta a cikin takardun Kano zai neme su. Akwai kuma littafin M. G. Smith a kan sha'anin sarautar Daura, wanda a ka buga a 1978. Ba zai ba ka sunan kakanka ba in ba ɗan sarauta ba ne, amma zai fahimtar da kai abin da ya tashi mutane daga wuri zuwa wuri.

Tashin nan kuwa shi ne rabin tarihin ƙasar Daura. Bayan da Malam Isiyaku ya ci birnin wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita, danginsa su ka kafa sarauta a Zango da Baure, mutane kuma su ka rarrabu, kowa ya bi wanda ya bi. Da Ingila da Faransa su ka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai gida ɗaya ya wayi gari rabinsa a Najeriya rabinsa a ƙasar Faransa. Mutumin Mai'aduwa ko Zango ko Baure da ya tsaya a Kwangwalam ya ce ya gama bincike bai gama ba, domin wataƙila asabansa yana Matamaye ko Magarya ko Kance. Waɗansu kuma sun tafi hajji a ƙasa su ka zauna a Sudan, waɗansu cin rani ya kai su Kurmi ba su komo ba. Nisa ba ya zubar da haƙƙin magaji. In tsohuwa ta ambaci kufai, a je a gani, a tambayi wanda ke noma wurin yanzu ta yaya ya same shi, gado ne, ko saye, ko aro, ko jingina, don aron da ya shekara hamsin jikoki su kan ɗauka gado ne.

Idan an tattara sunaye, sai a auna su da ma'aunin Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira. Ya nuna a Muƙaddimarsa cewa a kan lissafa iyaye uku ga kowace shekara ɗari, in adadin ya yi nisa da haka to salsalar ta sami ragi ko ƙari. Ba doka ce marar togiya ba, don a ƙasarmu dattijo mai shekara saba'in ya kan haihu, amma tana kama manyan kurakurai. Masanan da su ka yi ƙoƙarin sa wa zuwan Bayajida lokaci sun kai shi wajen shekara dubu da ta wuce, har waɗansunsu su ka danganta labarin da Abu Yazid wanda a ka kashe a Arewacin Afirka a 947, waɗansu kuma su ka ƙi yarda da haka. Ko yaya dai, mai cewa shi jinin Bawo ne yana bukatar iyaye wajen talatin. In ya kawo tara, to wajen ashirin sun ɓace a hanya. Girgam da ke fadar Daura abin girmamawa ne, amma jerin waɗanda su ka yi sarauta ne, a ciki ƙane ya kan gaji wa, ba a ɗaukarsa a liƙa a saman salsalar gida. Nasabar Manzon Allah (S.A.W.) kanta, wadda ba a kiyaye wata kamarta ba, malamai a kan Adnan su ka tsaya da yanke hukunci, abin da ke sama da shi su ka ce akwai saɓani. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito narko mai tsanani, har da haramcin Aljanna, a kan wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Masu sayen salsalar sharifta a rubuce su yi wa kansu hisabi.

Akwai kuma abin da mai bincike zai tarar wanda bai nema ba. Zai iya samun kakan kakansa Bamaguje ne, ko kakarsa ƙwarƙwara ce, ko gidan maƙwabta asalinsu daga rinji ne, domin sai a 1936 a ka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Game da gidansu, ya rubuta gaskiya, ba abin kunya a ciki: ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, gadonsa daidai da na ɗan matar aure, sahabbai kuma da yawansu iyayensu ba a kan Musulunci su ka mutu ba. Game da gidan wani, ya kame bakinsa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa alfahari da asali da sukar nasabar mutane suna cikin al'amuran jahiliyya da su ka saura a cikin al'umma. Shari'a tana tabbatar da nasaba da shimfiɗar aure, da iƙirarin uba, da shaidu, har da shaidar ji, watau abin da ya bazu a bakin amintattu tun da daɗewa, kamar yadda Ibn Asim ya kawo a Tuhfa. Abin da ya tabbata ta wannan hanya ba a rushe shi da tsegumin tsohuwa guda. Ko gwajin jini na zamani da a ke kira DNA, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta yarda a yi amfani da shi wurin gane yaran da su ka cakuɗe ko su ka ɓace, amma ta hana a kore nasabar da ta tabbata a Shari'a da shi.

Wurin rubutawa, a ba kowane magidanci shafinsa. A sa sunansa na yanka da laƙabinsa, da ubansa da uwarsa, sa'an nan matansa bi da bi har da waɗanda ya saka, a ƙarƙashin kowace a jera 'ya'yanta maza da mata, da waɗanda su ka mutu suna ƙanana, domin jaririn da ya yi kuka ya mutu ya ci gado kuma an gaje shi. A gefe a rubuta wanda ya sha nonon wata da jan alƙalami. Kowace magana a sa sunan wanda ya faɗe ta da ranar da ya faɗa, in biyu sun saɓa a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wadda ta fi daɗi. In an gama a karanta wa dattawan gidan a gaban liman, su gyara, su sa hannu, a yi kofe uku a ajiye a gidaje dabam dabam, ɗaya a cikin akwatin ƙarfe nesa da bango.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki gonar da ta shekara arba'in ba a raba ba, mu bi lissafin munasakha a kanta daki daki.